BAYANI: Duhun ɗaki, ɗauke wuta da mafarkin da mai barci ke sane da shi a Katsina

Idan aka ɗauke wuta da tsakar dare a Ƙofar Marusa ko Sabuwar Unguwa cikin watan Afrilu, fanka ce ke fara sanarwa. Sai ta rage gudu, ta tsaya cik, ɗaki ya yi baƙi ƙirin, kafin a jima zufa ta tayar da mai barci. Wani ya ja tabarma zuwa tsakar gida, wani ya lalubo waya ya shiga TikTok har barci ya sake sace shi, maƙwabci mai hali kuma ya tayar da janareta.

A ƙasashen da wuta ba ta yankewa, likitocin barci kan shawarci mutane su sayi labule mai kauri domin su samu duhu. Bakatsine kuwa a kyauta yake samun nasa, ko yana so ko ba ya so. Abin tambaya shi ne ko wannan duhu yana amfanar barcinsa da mafarkinsa, musamman wani nau'in mafarki da matasa ke yawan cin karo da zancensa a intanet, wanda mutum kan gane cewa mafarki yake yi alhali bai farka ba.

Mene ne mafarkin sane?

A mafarkin da aka saba, mutum na iya ganin kansa yana shawagi a kan hasumiyar Gobarau, ko yana hira da kakarsa da ta rasu shekaru goma da suka wuce, kuma babu abin da zai ba shi mamaki sai ya farka. A mafarkin sane, tsakiyar abin ne hankalinsa zai dawo, ya ce wa kansa ai wannan mafarki ne. Wasu daga nan suke farkawa. Wasu kan ci gaba da kallo, kaɗan daga ciki ma har su iya juya akalar labarin.

Wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Holan, Frederik van Eeden, shi ya raɗa wa abin sunan da masana ke kiran sa da shi a 1913. An daɗe ana ɗaukar zancen a matsayin tatsuniya, domin babu yadda mai barci zai kafa hujja. Sai a watan Afrilun 1975 Keith Hearne na Jami'ar Hull da ke Ingila ya samo dabara. A lokacin mafarki tsokokin jiki a sake suke, amma idanu na motsi. Ya yi yarjejeniya da wani mai sa-kai cewa da zarar ya gane yana mafarki, ya juya idanunsa hagu da dama yadda suka tsara. Na'ura ta ɗauki alamar yayin da take nuna cewa mutumin barci yake yi. Stephen LaBerge na Jami'ar Stanford a Amurka ya sake tabbatar da haka a farkon shekarun 1980.

A 2021 mujallar Current Biology ta wallafa aikin ɗakunan bincike huɗu na Amurka, Jamus, Faransa da Holan a kan mutum 36. An riƙa yi wa masu mafarki tambayoyin lissafi masu sauƙi, kamar a cire shida daga takwas, su kuma su amsa da motsin ido ko na fuska. An samu amsa daidai a kusan kashi 18 cikin 100 na gwaje-gwajen. Wani nazari na 2016 da ya tattara binciken shekaru 50 ya kiyasta cewa kashi 55 cikin 100 na mutane sun taɓa yin irin wannan mafarki aƙalla sau ɗaya, kashi 23 kuma suna yin sa sau ɗaya a wata ko fiye.

Lokacin da mafarki ke zuwa

Barci hawa-hawa ne. A 1953 Eugene Aserinsky da Nathaniel Kleitman na Jami'ar Chicago suka gano wani mataki da idanu ke motsi da sauri ƙarƙashin fata, ƙwaƙwalwa kuma na aiki kamar ta wanda ke farke. Masana na taƙaita sunansa da REM, kuma a cikinsa ne mafi yawan mafarkai masu ƙarfi ke aukuwa, har da mafarkin sane.

Wannan mataki na dawowa kusan bayan kowane minti 90, kuma yana cin kimanin kashi 20 zuwa 25 cikin 100 na barcin baligi. A farkon dare gajere ne. Yayin da gari ke kusantar wayewa sai ya riƙa tsawo. Ke nan wanda ya kwanta ƙarfe ɗaya na dare ya tashi da asuba, ɓangaren da ya fi yalwar mafarki ya yanke.

Abin da haske ke yi wa mai barci

Duhu ba ya haifar da mafarkin sane kai tsaye. Ta hanyar agogon jiki yake aiki. Idan ido ya daina ganin haske, ƙwaƙwalwa kan saki sinadarin melatonin, wanda ke shaida wa jiki cewa dare ya yi. Wani bincike na 2011 a birnin Boston a kan mutum 116 ya nuna cewa zama cikin hasken ɗaki na yau da kullum kafin kwanciya ya rage tsawon lokacin fitar sinadarin da kusan minti 90.

A 2015 masu bincike a birnin dai suka sa mutum 12 karatu a iPad na awa huɗu kafin barci, dare biyar a jere, sannan suka kwatanta da karatu a littafin takarda. Masu kallon allo sun ƙara kusan minti goma kafin barci ya ɗauke su, barcinsu na REM ya ragu, kuma sun wayi gari da kasala.

Hasken da ke kunne bayan an yi barci ma yana da nasa tasirin, domin fatar ido ba ta tare shi gaba ɗaya. A 2022 ayarin Farfesa Phyllis Zee na Jami'ar Northwestern ya kwantar da matasa 20, wasu cikin hasken da ya kai luks 100, wasu cikin ƙasa da luks 3. Luks ma'aunin ƙarfin haske ne, kuma farin wata na daren sha huɗu bai kai luks ɗaya ba. Waɗanda suka kwana cikin haske zuciyarsu ta fi bugawa, washegari jikinsu ya fi wahalar sarrafa sukari, kason barcinsu mai zurfi da na REM kuma ya ragu.

Sai dai sakamakon bai zo iri ɗaya ko'ina ba. Wani gwaji na 2016 a Koriya ta Kudu ya gano cewa ɗan haske na luks 5 zuwa 10 ya ƙara yawan farkawa, ya kuma ƙara REM. Akwai kuma wani abin lura. LaBerge ya ƙera wani abin rufe ido mai ƙyafta ƙaramar fitila idan mai barci ya shiga REM, domin hasken ya kutsa cikin mafarki ya tunatar da shi cewa mafarki yake. Saboda haka abin da za a iya tsayawa a kansa shi ne duhu na kare tsarin barci, tsararren barci kuma na ba mafarki fili. Wanda ya yi alƙawarin cewa kashe fitila kaɗai zai kawo mafarkin sane ya wuce abin da waɗannan gwaje-gwaje suka nuna.

Duhun da ba a zaɓa ba

Duk waɗancan gwaje-gwaje a ɗakuna masu sanyi da shiru aka yi su. Duhun Katsina kuwa da rakiya yake zuwa.

Na farko zafi. Daga Maris zuwa Mayu zafin rana a birnin kan haura digiri 40, bulo da rufin kwano kuma su riƙe shi har cikin dare, saɓanin soron ƙasa na dauri. Jiki na buƙatar ya ɗan huce kafin barci ya kama, kuma a matakin REM ba ya iya daidaita zafinsa yadda ya kamata. Shi ya sa a dare mai zafi wannan mataki ke gajarta, farkawa ta yawaita. Na biyu ƙarar janareta da sauro. Na uku waya, wadda ke mayar da haske daf da ido a daidai lokacin da ɗaki ya yi duhu. Na huɗu kuma dawowar wutar kanta. Idan aka kawo ta ƙarfe uku na dare, ƙwan da aka manta a kunne zai haske fuskar mai barci, gida kuma ya tashi guga, cajin waya da tara ruwa.

Nan ne zancen mafarki ya haɗu da siyasa. Tun watan Nuwamban 2013 kamfanin KEDCO ke rarraba wuta a Kano, Katsina da Jigawa. Hukumar NERC ta kasa masu amfani da wuta gida biyar: rukunin A na da alƙawarin awa 20 a rana, rukunin E awa huɗu. A ranar 3 ga Afrilun 2024 aka ɗaga farashin rukunin A zuwa naira 225 kan kowane yunit. Cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 ya riga ya sa kwana da janareta ya gagari gidaje da dama. A watan Oktoban 2024 kuma yawancin jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda babu wuta, bayan lalata layin Shiroro zuwa Kaduna da matsalar da ta samu layin Ugwuaji zuwa Apir.

A Lambar Rimi akwai tashar lantarki mai aiki da iska, mai injina 37 da aka tsara za su ba da megawat 10. Tun marigayi Umaru Musa 'Yar'adua na gwamna aka faro maganarta. A watan Disambar 2012 aka sace injiniyan Faransa Francis Collomp da ke aiki a wurin, aikin kuma ya shafe shekaru yana jan ƙafa. Dokar Lantarki ta 2023 ta bai wa jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu, don haka tambayar wa zai kwana da fanka ta shafi gidan gwamnatin Katsina kamar yadda ta shafi Abuja.

Asuba da komawa barci

Bahaushe bai taɓa raina mafarki ba. Hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim ya kasa shi gida uku: bushara daga Allah, tsoratarwa daga shaiɗan, da abin da rai ke saƙawa. Littattafan fassarar mafarki da ake jingina wa Ibn Sirin sanannu ne a wurin masu sayar da littattafan addini. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya ba da labarin ru'uyar da ya gani a 1794, inda Shehu Abdulƙadir Jilani ya rataya masa takobin gaskiya, shekaru goma kafin jihadin 1804. Kimiyyar barci na auna yadda mafarki ke faruwa a ƙwaƙwalwa. Ma'anarsa a addini fagen malamai ne.

Dabarar da masu neman mafarkin sane suka fi dogaro da ita ta yi kama da rayuwar Musulmin Katsina. Mutum ya yi barcin awa biyar, ya farka na ɗan lokaci, sannan ya koma da ƙudurin cewa zai gane idan ya fara mafarki. A binciken Denholm Aspy na Jami'ar Adelaide a Ostareliya a 2017, da mutum 169, waɗanda suka haɗa dabarun sun yi nasara a kusan kashi 17 cikin 100 na dararen. Wanda ke tashi tahajjud, sahur ko sallar asuba ya koma ya kwanta, yana faɗawa ne cikin lokacin da REM ya fi tsawo. Wannan na iya bayyana dalilin da ya sa mafarkin bayan asuba ke zama a rai garau.

Akwai tarko a nan. Yawan farkawa na sa a tuna mafarki, don haka wanda zafi ya tayar sau huɗu zai iya zaton mafarkinsa ya ƙaru, alhali barcinsa ne ya lalace. Katse barci da gangan kuma na iya janyo dannau, yanayin da hankali ke farkawa jiki bai saku ba.

Waɗanda duhu ya zame wa barazana

Hausawa sun ce dare mahutar bawa, sun kuma ce dare rigar mugu. Mutanen da suka gudo cikin birni daga Batsari, Jibiya, Safana ko Faskari sun fi sanin na biyun. Da dare aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a ranar 11 ga Disambar 2020. Munanan mafarkai masu maimaita kansu na cikin manyan alamomin ciwon firgici bayan tashin hankali, kuma ga mai irin wannan ciwo, duhu ƙirin na iya hana shi runtsawa sam. Ƙaramar fitila mai launin ja ko ruwan goro, a ajiye ƙasa nesa da ido, ta fi masa kwana a tsorace.

A 2018 ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta sanya mafarkin sane cikin hanyoyin da za a iya amfani da su wajen magance munanan mafarkai, ko da yake ta fi ba da ƙarfi ga wata hanyar: majinyaci ya sake tsara ƙarshen mafarkin yana farke, ya riƙa bitarsa da rana. Duka biyun na buƙatar ƙwararre a kusa. A Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin dokar 1958. Ko alfanunta ya kai ga ɗan gudun hijirar da ke kwana a kangon gini a bayan gari, tambaya ce da ta cancanci a yi wa 'yan majalisa da ma'aikatar lafiya.

Abin da ke hannun mutum

A ajiye waya kamar awa ɗaya kafin kwanciya, ko a rage haskenta sosai. A kashe makunnin ƙwai tun kafin barci ko da babu wuta. A sa labule mai kauri idan fitilar sola ta titi na leƙo taga, amma a bar hanyar iska. A kwana cikin gidan sauro, janareta kuma a nesanta shi daga ɗaki da taga, domin hayaƙinsa na kisa cikin barci. Mai son gwada mafarkin sane ya fara da cika awa bakwai zuwa tara na barci da rubuta abin da ya gani da safe, ya bar dabarar katse barci sai ranar da babu lakca ko aiki. Wanda ke fama da firgici ko wata larurar ƙwaƙwalwa ya ga likita kafin ya gwada ta.