Aji Ɗaya a Abu Na'ama

Abu Na'ama gari ne a jihar Sinnar ta ƙasar Sudan, a bakin reshen kogin Nilu da ke fitowa daga Habasha. Akwai Hausawa da yawa a wannan yanki. Kakanninsu sun zauna ne a kan hanyar Makka, wasu kuma sun yi hijira bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903.

A gida yara suna jin Hausa, amma a makaranta da Larabci ake koyarwa. Saboda haka babban aikin ɗan aji ɗaya shi ne koyon harshen malaminsa.

A farkon shekara yara suna koyon haruffan Larabci guda 28, suna rubutu daga dama zuwa hagu. Wanda ya yi makarantar allo, wadda a can ake kira halwa, ya riga ya san su. Daga nan sai haɗa baƙi da wasali, sai karanta gajerun jimloli. Suna kuma haddace ƙananan surori, suna koyon ƙirga da tarawa da ɗebewa.

Hausa kan taimaka musu, domin kalmomi kamar alƙalami, darasi, Talata da ashirin duk daga Larabci aka aro su. Amma ɗaya, biyu, uku sai an koyo sabo: wahid, itnen, talata.

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya sa an rufe makarantun Sudan wata da watanni. Yaron da karatunsa ya yanke a aji ɗaya, sau da yawa sai ya koma kan alif.