Malamin Katsina da ya rubuta lissafin hatimi

Jama'ar Damagaram, na gida da na nesa, duk mun san hatimin da malamanmu ke zanawa a allo. To, akwai lissafi a cikinsa. Ku zana gida tara: 4, 9, 2 a sama, 3, 5, 7 a tsakiya, 8, 1, 6 a ƙasa. A tsaye, a kwance ko a karkace, jimla 15 ce.

Malam Muhammadu al-Katsinawi, masanin addini, taurari da lissafi, ya rubuta ƙa'idojin cika irin waɗannan gidaje da larabci a 1732. Ya yi aikin hajji, ya zauna Alƙahira, can ya rasu a 1741.

Saboda haka in yaronku ya ce lissafi na Nasara ne, ku ba shi wannan labari.