Gidan namun dajin Landan cikin alƙaluma: fili ƙarami, lissafi mai yawa

A farkon watan Janairun kowace shekara, ma'aikatan gidan namun dajin Landan kan fito da takarda da alƙalami su ƙirga duk wani mai rai da ke hannunsu, daga zaki har dodon koɗi. Dokar Birtaniya ta 1981 kan lasisin irin waɗannan gidaje ce ta sa dole a riƙa ajiye wannan lissafi. Jaridu kan ɗauki jimillar su yi kanun labari da ita, amma jimillar kaɗai ba ta faɗin abin da ke faruwa. Ga alƙaluman da suka fi bayyana yadda gidan ya faro da inda ya dosa.

1826, 1828, 1847: shekaru 19 ƙofa a rufe

An kafa Ƙungiyar Nazarin Dabbobi ta Landan, wadda ake taƙaita sunanta da ZSL, a 1826, ƙarƙashin jagorancin Stamford Raffles, wanda ya rasu a wannan shekarar bai ga buɗe gidan ba. An buɗe shi a 1828 a gefen dandalin Regent's Park domin masu bincike. 'Yan ƙungiya ne ke shiga, sai wanda ya samu takarda daga hannun ɗan ƙungiya. Sai a 1847 aka bar kowa ya biya sule ɗaya ya shiga, kuma ƙarancin kuɗi ne ya jawo haka. Tun daga ranar gidan ke tafiya da buƙatu biyu masu jan juna: bincike, da kuɗin ƙofa da ke ciyar da binciken.

Dorina ɗaya, ninki biyu

A 1850 mai mulkin Masar, Abbas Pasha, ya ba da kyautar ɗan dorinar ruwa da aka kamo a kogin Nilu, aka sa masa suna Obaysch. Turawan Yamma sun yi ƙarnuka ba su ga dorina da rai ba, don haka masu ziyara suka ninka a wannan shekarar. Hukumar gidan ta koyi darasi: dabba ɗaya mai suna tana iya cika asusu.

Yawancin taurarin wancan zamani daga Afirka aka kwaso su. Raƙuman dawa 4 da suka iso a 1836 daga Kurdufan ta Sudan suke, kuma ɗakin da aka gina musu a 1837 har yau raƙuman dawa ne a ciki. Giwar nan Jumbo, wadda aka kama tana ƙarama a yankin gabashin Sudan, ta zo daga Faris a 1865. A 1882 aka sayar da ita ga mai shirya wasannin kallo na Amurka P. T. Barnum kan fam 2,000, jama'ar Landan suka yi ta kururuwa. Bayan shekara 3 jirgin ƙasa ya kashe ta a Kanada.

Eka 36 da eka 600

Wannan shi ne adadin da ya fi kowane bayyana tarihin gidan. Faɗinsa eka 36 ne, wato kusan hekta 15, kwatankwacin filin ƙwallon ƙafa 20. Yana tsakiyar birni, babu inda zai faɗaɗa. A ƙarni na 19 hakan bai dami kowa ba, domin ana jera keji kusa da keji, burin kuwa a tara nau'i mafi yawa. A nan aka fara buɗe ɗakin macizai da ƙadangaru a 1849, da ɗakin kallon kifaye na jama'a a 1853, da ɗakin ƙwari a 1881.

Da fahimtar bukatun dabbobi ta ƙaru, sai ƙarancin filin ya fito fili. A 1931 ƙungiyar ta buɗe wani gida a Whipsnade, a karkarar arewacin Landan, mai eka 600, fiye da ninki 16 na na cikin birni. A 2001 giwayen ƙarshe suka koma can, bayan kimanin shekara 170 ana ajiye giwa a Regent's Park. Karkanda ma ta bi su. Abin da ya rage sai aka ba shi fili mai faɗi: sashen goggon biri a 2007, na damisar Sumatra a 2013, na zakunan Indiya a 2016. Duk lokacin da aka faɗaɗa wa wani nau'i, to wani ya tattara nasa ya nasa ya bar gidan.

Daga kusan 20,000 zuwa sama da 14,000

A tsakiyar shekarun 2010 jimillar dabbobin ta kai wajen 20,000. A ƙidayar 2023 an ce sun haura 14,000. Wanda ya ga wannan zai zaci annoba ce ta faɗa, alhali babban dalili a bayyane yake: an rufe tsohon ɗakin kifaye a 2019, kuma kifi da ƙananan halittun ruwa da ƙwari su ne ke cika lissafin. Manyan dabbobin da mutane ke biyan kuɗi don gani, zaki da damisa da raƙumin dawa da goggon biri, in aka haɗa su duka ba za su kai ko kashi 1 cikin 100 ba.

Yadda ake ƙirgar ma yana canza sakamakon. Tururuwa ba a bin ta ɗaya-ɗaya, gidanta gaba ɗaya ake rubutawa a matsayin guda. Kifin da ba ya tsayawa wuri ɗaya hotonsa ake ɗauka a ƙirga a kan hoton. Dodon koɗi kuwa sai an juya kowane ganye. Shi ya sa kwatanta gidan namun daji da wani ta hanyar jimilla kawai yaudarar kai ne. Amfanin ƙidayar na gaske shi ne ana zuba ta a rumbun bayanai na Species360, wanda cibiyoyi sama da 1,000 a duniya ke amfani da shi. Da shi ake sanin wace mace za a kai wa wane namiji don kada 'yan uwan jini su haihu da juna.

Miliyan 3 a da, miliyan 1 da ɗoriya yanzu

A 1950 masu ziyara sun kai kusan miliyan 3. Daga baya talabijin ya kawo namun daji cikin falo, mutane suka samu motoci da wasu wuraren shaƙatawa, kuma suka fara ƙyamar ganin dabba a ƙuntataccen keji. A farkon shekarun 1990 aka sanar za a rufe gidan. Gudummawar jama'a da fam miliyan 1 daga Sarkin Kuwait a 1992 suka cece shi. Yanzu masu ziyara kan haura miliyan 1 a shekara. ZSL ƙungiyar agaji ce, ba ta da kason gwamnati na yau da kullum, shi ya sa kullen korona na 2020 ya jijjiga ta: ƙofa a rufe, amma zaki bai daina cin nama ba.

Daga sifili zuwa ɗaruruwa

Alƙaluman da gidan ke tinƙaho da su a yau suna wajen katangarsa. Mariri, farar dabbar nan mai dogayen ƙahoni da ta taɓa yawo a Nijar da Chadi, an ayyana ta ƙare a daji a 2000. A lokacin, ragowarta na gidajen namun daji da garkunan masu kiwo ne. A 2016 gwamnatin Chadi da hukumar muhalli ta Abu Dhabi suka fara sakin su a gandun Ouadi Rimé-Ouadi Achim, masanan ZSL na cikin masu bin sawunsu. An fara da 25. Zuwa 2023 sun kai ɗaruruwa, an haifi 'ya'ya sama da 500 a daji, aka cire mariri daga jerin waɗanda suka ƙare a daji.

Akwai kuma dodon koɗin Partula na tsibiran Polinesiya, wanda bai fi farce girma ba. Wani dodon koɗi mai cin 'yan uwansa da aka shigar tsibiran a shekarun 1970 ya kusa share su. Landan da wasu gidaje suka yi ta kiwonsu a akwatunan gilashi, kuma tun 2015 an mayar da dubbai gida.

Wannan nasara ba ta kashe muhawara ba. Masu suka na cewa yawancin dabbobin da ke cikin irin waɗannan gidaje ba za su taɓa komawa daji ba, kuma gaskiya ne. Don haka mai son auna kowane gidan namun daji ya nemi amsar tambayoyi uku: nau'i nawa ne a ciki ke fuskantar ƙarewa, fili nawa kowace dabba ta samu, kuma nawa aka mayar inda aka samo kakanninsu.