Bayani a Kan Abin da Ke Tsawaita Kwanan A-Kori-Kura

Wannan bayani ne a kan motar nan ta ɗaukar kaya wadda ake kira a-kori-kura, da abin da ke sa ta daɗe a hannun mai ita, da abin da ke gajarta kwananta.

A zamanin ayari, madugu ba ya ba da iznin tashi daga zango sai an duba dabbobi, an shayar da su, an gyara akumari, an daidaita mangala, domin falke ya san jakinsa shi ne rabin jarinsa. To, a-kori-kura ita ta gaji jaki da raƙumi wajen kai hatsi Dawanau da cin kasuwar Maigatari da Jibiya da Illela. A shekarar 1975 aka fara haɗa motocin Peugeot a Kaduna, ƙirar 404 da 504 suka cika hanyoyi, daga baya Toyota Hilux, wadda aka soma ƙerawa a Japan a 1968, ta yawaita. Wasu tsofaffin nan har yanzu suna cin kasuwar ƙauye, alhali kuwa sa'o'insu tuni an daddatsa su an sayar a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano. Abin da ya raba su shi ne irin riƙon da kowace ta samu.

Fasali na farko, a kan lodi

Yawancin motocin nan an ƙera su ne su ɗauki kimanin tan ɗaya, watau kilo 1,000, a ciki kuwa har da direba da yaron mota da duk wanda ya hau bisa kaya. Buhu 10 na masara mai kilo 100 ya cika wannan awo. Wanda ya ɗora 20, ya ga mota ta tashi, sai ya zaci ta yarda, alhali bashi ya ci, ita ce kuwa za ta biya. Sifirin zai miƙe, daga baya ya karye, shasi ya tsage, taya ta yi zafi, kuloci ya ƙone a kan hawa, birki kuma ya kasa tsai da abin da ya fi ƙarfinsa. Sawu biyu da lodi daidai ya fi sawu ɗaya da ke ƙarewa a garejin bakanike. Kaya masu nauyi a sa su ƙasa, a matso da su wajen kan mota, kada a bar su a wutsiya, domin in nauyi ya koma baya sai tayoyin gaba su yi sakayau, sitiyari ya ƙi bin hannu.

Laifin nan ba na direba ba ne shi kaɗai. Attajirin da ya yanka wa direbansa balas wanda ba ya samuwa sai da ƙarin lodi da gudu, shi ya fara karya motarsa tun ba ta bar ƙofar gida ba.

Fasali na biyu, a kan ƙura da zafi

Inji yana shaƙar iska kamar yadda mai rai ke yi, ƙurar hunturu da ta hanyar burji kuwa ɓarɓashin yashi ce. In ta wuce filtar iska sai ta riƙa goge fistin da ringi kamar magagari, har mota ta fara hayaƙi da shan baƙin mai. Saboda haka a yawaita duba filta a kwanakin hunturu, a kakkaɓe ta a hankali, in ta huje ko ta toshe a sake sabuwa. Baƙin mai kuma, ga mota mai aiki cikin ƙura da nauyi, kada ya wuce kilomita 5,000 ba a juye ba, a sake filtarsa tare da shi. Man da aka auna a kwalba a bakin titi, ba a san asalinsa ba, araharsa ba ta kai kuɗin sauke inji ba. Haka man fetur da gas: tun da aka janye tallafin fetur a Najeriya a 2023 mutane suka ƙara neman mai sauƙi, amma wanda aka gauraya da kananzir ko ruwa ɓarnarsa ta fi rangwamensa.

A bazara, sa'ad da zafi ke wuce digiri 40, ran mota yana cikin lagireto. Ruwan rijiya yana barin ƙanzo da tsatsa a ciki har hanyoyin ruwa su toshe, don haka ruwan sanyaya inji da aka yi domin wannan aiki ya fi. In allurar zafi ta hau, a tsaya nan take. Kada a buɗe murfin lagireto yana tafasa, domin ya sha ƙona fuskar mutane, kada kuma a kwara ruwan sanyi a inji mai zafi, ƙarfe yakan tsage.

Fasali na uku, a kan hannun direba

Direban kirki yakan riga motarsa tashi. Kafin ya sa makulli ya duba baƙin mai da ruwa da man birki da fanbel, ya auna iskar taya tun tana sanyi, ya leƙa ƙarƙashi ko wani abu ya ɗiga cikin dare. In ya tayar, ya yi tafiyar farko a hankali har inji ya ɗumama. Ba ya ɗora ƙafa a kan kuloci yana tafiya. Ba ya sa mota a firi a gangara don tsimin mai, sai ya sauko da giya inji ya riƙe ta, domin birkin da aka daɗe ana takawa yakan yi zafi ya daina kamawa. Ya kuma sani in gudu ya ninka biyu, nisan da mota za ta ci kafin ta tsaya yakan ninka huɗu. A gargada da ramuka ya sassauta. Da damina, in ya ratsa ruwa mai zurfi, ya tattaka birki har ya bushe, sa'an nan a duba man aksul, in ya koma fari kamar madara ruwa ya shiga, sai a juye.

Taya kuwa tana tsufa ko ba ta taka ƙasa ba. A gefenta akwai lambobi huɗu: biyu na farko mako ne, biyu na ƙarshe shekarar da aka yi ta, misali 2321 shi ne mako na 23 na 2021. Mai sayen tsohuwar taya ya karanta wannan kafin ya biya.

Kammalawa

Mota ba ta mutuwa sai ta yi kuka: ƙara a ƙafa, ko ɗigon mai, ko warin ƙuna. Gyaran da aka yi ranar da aka ji kukan ƙarami ne, wanda aka ɗaga sai bayan kaka shi ke cinye ribar kaka. Ya kamata mai mota ya ajiye littafi, ya rubuta ranar juye da ranar sayen taya kamar yadda yake rubuta bashi, ya ware kason gyara daga kowane sawu kafin ya ƙidaya riba. Ya kuma tuna bisa buhunan nan akwai 'yan kasuwa zaune, iyalansu suna jiran dawowarsu. Haza wasalam.