Yawo da Kare a Gaɓar Kudancin Faransa: Jirgin Ƙasa ko Mota?

Daga Cannes zuwa Menton, garin ƙarshe kafin iyakar Italiya, tafiyar ba ta wuce kilomita 60 da 'yan kai ba. A wannan ɗan tsakanin ne garuruwan da suka fito da sunan kudancin Faransa suka jeru a bakin Bahar Rum: Antibes, Nice, Villefranche, sai kuma ƙasar Monako wadda faɗinta duka wajen murabba'in kilomita 2 ne kawai. Baƙi na tururuwa nan kowace shekara, da yawansu kuma da karnukansu suke tafe. Wanda ya tashi ya san kare a bakin garke ko a sahun mafarauta zai yi mamakin ganinsa kwance ƙarƙashin teburin gidan abinci, ma'aikacin wurin har da kawo masa ruwa a kwano. Can kare ɗan gida ne, yana da fasfo, otal ma yakan saka kuɗin kwanansa a lissafi. Saboda haka mai kare da ya zo yawo yakan tsaya kan tambaya guda tun kafin ya ɗaure kaya: jirgin ƙasa zai bi, ko mota zai ɗauka?

Da farko mota ce ke jan hankali, kuma da dalili. Babu mai tambayarka nauyin karenka, babu fasinjan da zai harare ka don ya yi haushi. Buhun abincinsa, shimfiɗarsa, jarkar ruwa, duk a zuba a but. In ya matsu, a tsaya gefen hanya ya sauka ya rage ciki. Ga kuma hanyoyi uku da suka haɗa Nice da Menton, ɗaya a bakin ruwa, ɗaya a tsakiyar dutse, ɗaya can sama wadda aka fasa a zamanin Napoleon. Wanda ya bi ta saman nan ya leƙo teku daga kan tsauni ba zai ce ya yi asarar kuɗin mai ba.

Daɗin motar yana ƙarewa ne a daidai inda yawon yake farawa, wato bakin gari. Tsofaffin unguwannin Nice da Antibes lunguna ne da aka gina tun kafin a san mota, galibinsu da ƙafa ake shiga. Wurin ajiye mota na ƙarƙashin ƙasa ne, ga ɗan karen tsada, a watannin Yuli da Agusta kuwa sai mutum ya yi ta zagaye kafin ya samu. Mako biyun da ake bikin fina-finai a Cannes cikin watan Mayu, da ranakun tseren motoci a Monako, ba a ma maganarsu, don tituna ake rufewa. Duk wannan ɗan Adam zai iya jurewa. Kare ne ba zai iya ba. Shi ba ya gumi kamar mutum, da haki yake fitar da zafin jikinsa, kuma motar da aka ajiye a rana takan zama tanda cikin 'yan mintoci ko da an ɗan sauke gilashi. Ke nan tunanin nan na "bari in bar shi a mota in leƙa gidan tarihi in dawo" babu shi sam. Gidan kayan zanen Picasso a Antibes da na Matisse a Nice, kamar yawancin irinsu, ba a shiga da kare sai karen jagorar makaho. Mai mota da mai jirgi duk a bakin ƙofa za su tsaya, sai dai shi mai mota yana biyan kuɗin fakin yana tsaye.

Jirgin kuwa tun 1864 ya iso Nice, ya kai Monako a 1868, Menton a 1869. Garuruwan sun girma ne a jikin layin dogon, shi ya sa tashoshin suke cikin gari, daga yawancinsu ɗan tattaki kaɗan ke kai mutum bakin ruwa. Daga Nice zuwa Monako bai cika rabin awa ba, zuwa Cannes kuma ɗan fiye da haka, kuma jiragen na bin juna a kai a kai. Mutum na iya karyawa a kasuwar Cours Saleya da ke Nice, ya yi azahar a Villefranche, ya kai la'asar a Menton, bai taɓa tunanin inda ya bar mota ba.

Sai dai jirgi na da sharuɗɗa. A dokar kamfanin jiragen ƙasa na Faransa, SNCF, ƙaramin kare yana shiga ne cikin jaka ko ɗan keji, babba kuma da igiya a wuya da takunkumi a baki, kuma ana yankar masa tikiti. Takunkumin nan ne ke raba gardama. Karen da aka saba masa da shi tun a gida zai shige ƙarƙashin kujera ya ɗora haɓa kan ƙafafunsa har a sauka. Wanda kuwa ranar ce farkon saka masa, sai ka gan shi a dandamalin tasha yana tuma, yana kai ƙafar gaba yana son fizge abin, yana goga fuska a ƙafar mai shi, jirgi ya iso, jama'a na turereniya a ƙofa, shi ya toge ya ƙi hawa. Da safe da yamma taragon cike yake maƙil da ma'aikatan da ke kwana a Faransa suna aiki a Monako, babban kare ba shi da wurin miƙe jiki, wutsiyarsa kuma tana hannun Allah. Tashar Monako kanta cikin dutse aka haƙa ta, fita sai ta dogayen hanyoyin ƙarƙashin ƙasa da lif da matakala mai tafiya da kanta, wadda kan kama farcen kare. Mai hankali lif yake nema. Akwai ma karnukan da ba su da zaɓi: dokar Faransa ta 1999 ta kasa karnuka masu haɗari gida biyu, 'yan kashi na farko, irin su pitbull, ba sa hawa abin hawa na jama'a, shigo da su ƙasar ma haramun ne.

Inda mota ta yi wa jirgi fintinƙau shi ne ƙauyukan kan tudu. Saint-Paul-de-Vence ba ta da tasha. Èze tana da ita, amma a bakin ruwa take, ƙauyen kuma yana can sama fiye da mita 400. Hanyar ƙafar da ta haɗa su, wadda ake kira da sunan masanin falsafar nan Nietzsche, hawa ce ta kusan awa guda a kan duwatsu. Ga matashin kare mai ƙarfi, da sanyin safiya, wannan ita ce ranar da ta fi kowace daɗi a tafiyar. Ga tsohon kare mai ciwon gaɓoɓi, ko irin masu gajeren hancin nan da numfashi ke yi wa wuya, azaba ce. Motocin bas kuma sun fi jirgi tsanani, galibi sai ƙaramin da zai shiga jaka suke ɗauka.

Batun wanka a teku bai kamata ya shiga lissafin ba, ko da yake shi ke ruɗar mutane. Yawancin wuraren wanka sun hana karnuka, musamman lokacin zafi. Nice ta keɓe musu ɗan yanki a yammacin gari wajen filin jirgin sama, kuma gaɓar Nice duwatsu ce mulmulallu, da rana tsaka sukan yi zafin da ke ƙona tafin ƙafa. Abin da kare ke mora da gaske shi ne hanyoyin ƙafa da suka zagaye Cap Ferrat da Cap d'Antibes, da titin Promenade des Anglais na Nice mai tsawon kusan kilomita 7, in an fita kafin rana ta take.

Wanda zai taso da karensa daga Najeriya kuwa, shirinsa na farawa tun watanni kafin tafiya. Tarayyar Turai na buƙatar a saka wa kare 'yar na'urar shaida ƙarƙashin fata, a yi masa allurar riga-kafin ciwon haukan kare, bayan aƙalla kwana 30 a gwada jininsa a ɗakin gwajin da ta amince da shi, sannan a jira wata 3 kafin ya shiga.

A ganina, in dai garuruwan bakin ruwa ne abin nema, jirgi ya fi, kuma ba da kaɗan ba. Ka sauka a Nice, ka sa karenka ya saba da takunkumi tun kana gida, ka kauce wa jiragen safe da na tashin ma'aikata, ka zo a watan Satumba ko Oktoba lokacin da zafi da cunkoso suka ragu. Mota kuma ka yi hayarta ta yini guda, ranar da za ka hau tudu, ko kuwa in karenka tsoho ne ko girmansa ya fi ƙarfin tarago.