Haɗarin Yin Jarfa da Wahalar Cire Ta

Jarfa, wadda matasan birni ke kira tatu, zane ne na dindindin da ake yi ta hanyar huda fata da cusa launi a cikinta. A da wanzamai ne ke yin ta da aska da baƙin tukunya, a yau kuwa injin lantarki ne ke sa allura ta huda fata sau ɗaruruwa har zuwa dubbai a minti ɗaya. Allurar tana ratsa ɓangaren fata na sama, wanda ke saɓulewa yana sabuntuwa kullum, ta kai tawadar zurfin kimanin milimita 1 zuwa 2, inda jijiyoyin jini suke. A nan ƙwayoyin garkuwar jiki ke taruwa su haɗiye launin, amma saboda ya fi ƙarfin su narkar da shi sai su zauna riƙe da shi, kuma wannan riƙon ne ke sa zanen ya dawwama.

Tun da aikin rauni ne mai fitar da jini, haɗari na farko yana cikin kayan aiki. Allurar da aka yi wa wani amfani da ita na iya ɗauko ciwon hanta nau'in B da C, da kuma ƙanjamau, kodayake na ƙarshen bai kai na farkon saurin yaɗuwa ta wannan hanya ba. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa kwana 7 ko fiye a cikin busasshen jini, kuma binciken ƙasa na shekarar 2018 ya nuna kusan kashi 8 cikin 100 na manya a Nijeriya suna ɗauke da ita, yawancinsu ba tare da sun sani ba. Goge allura da sifirit ko gitta ta a harshen wuta ba su wadatar ba. Abin da ya kamata a gani shi ne sabuwar allura da aka yage ledarta a gaban mai zuwa, da sabuwar safar hannu, da ɗan ƙoƙon tawada na mutum ɗaya wanda za a zubar da ragowarsa, sauran ƙarafa kuma a turara su a cikin otokilef, wato tukunyar tururi mai matsi wadda zafinta ke kai digiri 121.

Tawadar kanta ba a cika kula da ita ba, alhali takan zo da cuta tun daga kwalba. A shekarar 2012 an binciki ɓarkewar ciwon fata a birnin Rochester na jihar New York a Amurka, inda aka gano cewa tawada mai ruwan toka da aka sirka tun a masana'anta ce ke ɗauke da ƙwayar cutar, duk da tsaftar shagon da aka yi aikin. Jan launi ya fi kowane jawo borin jini, wato jiki ya ƙi sinadarin ya yi ta ƙaiƙayi da kumburi, wani lokaci bayan shekaru da yin zanen. Launin kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya, domin an ga ɓurɓushinsa a cikin kaluluwar hammata da ta matsematsi. Saboda irin wannan ne Tarayyar Turai ta taƙaita amfani da sinadarai fiye da 4,000 a cikin tawadar jarfa daga watan Janairun 2022. Baƙin ƙunshi, ko da yake ba huda ake yi ba, shi ma yana da nasa haɗarin, domin sinadarin rinin gashi mai suna PPD da ake haɗawa da lalle yakan sa fata ta yi bororo ta bar tabo.

Sai kuma yanayin fatar mutum. Masu baƙar fata sun fi kamuwa da kiloid, wato tabon da ke tasowa ya yi tauri ya zarce iyakar raunin, don haka duk wanda hudar kunne ko tsaga ta taɓa bar masa irin wannan tsiro bai kamata ya kusanci allurar ba. Haka ma mai ciwon suga da mai ciki da mai shan maganin tsinka jini, kuma ba a yin zane a kan tawadar Allah, domin yana ɓoye sauyin da likita zai duba. Ja da ɗan kumburi na 'yan kwanaki ba abin tsoro ba ne, amma mugunya da zazzaɓi da zafin da ke ƙaruwa alamu ne na zuwa asibiti. Game da yara, sashe na 24 na Dokar Kare Haƙƙin Yara ta Nijeriya ta 2003 ya haramta yi musu jarfa ko tsaga.

Cirewa ita ce inda mutane suka fi yaudaruwa. Hanyar da ta fi inganci ita ce leza, wato na'urar da ke harba haske mai ƙarfi cikin ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, ya farfasa launin ya zama gari, sannan jiki ya kwashe shi a hankali. Saboda jiki ne ke kwashewar, ba a gamawa a zama ɗaya: yawanci akan yi zama 6 zuwa 10 ko fiye, da tazarar mako 6 zuwa 8, kuma kuɗin yakan ninka na yin zanen sau da yawa. Baƙi ya fi sauƙin fita, kore da rawaya suna da taurin kai, fari kuwa yakan koma baƙi idan hasken ya taɓa shi. Matsalar mai duhun fata ita ce melanin, sinadarin da ke ba fata launinta, shi ma yana shan hasken, sai wurin ya ƙone ko ya yi fari fat da siffar zanen da aka so ɓoyewa. Shi ya sa likitocin fata ke zaɓar lezar Nd:YAG mai zangon nanomita 1064 ga irin wannan fata, su fara gwadawa a ɗan ƙaramin wuri. Ƙaramin zane ana iya yanke shi a ɗinke, amma tabo ba makawa.

Da yawa daga masu neman cirewa cikin gaggawa suke, ko don neman aikin ɗamara, ko don aure, ko don sun ji hukuncin mafi yawan malaman Musulunci na haramcin jarfa, kuma gaggawar ce ke kai su ga ruwan batir da soda da gishiri da dutsen guga. Waɗannan suna cinye fatar sama ne su bar gyambo, launin kuma sau da yawa yana nan a ƙarƙashin tabon, wanda daga baya ke hana leza yin aikinta yadda ya kamata. Mayukan da ake tallatawa a intanet ma ba sa kaiwa zurfin da tawadar take, kuma hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ba ta amince da ko ɗaya daga cikinsu ba. Sassan kula da cututtukan fata na asibitocin koyarwa su ne wurin da za a duba girman zanen da launinsa da irin fatar, kafin a yanke hanyar da ta dace.