Layin da Asuwaki Ya Kasa Gogewa

Ana shirin bikin 'yar wana a Adogi aka lura da abin. Wani siririn layi ruwan ƙasa ya ratsa haƙorinta na sama a karkace, ya ware kusurwa guda daga sauran haƙorin. Ta sa asuwaki, ta sa buroshi, ƙawaye suka ce ta gwada gawayi da gishiri. Dasashi ya yi jini, layi yana nan daram. Yarinya mai fara'a ta koma rufe baki da mayafi in za ta yi dariya, kuma wannan ya fi layin damuna.

Kakarta ta ce goro ne. Yarinyar ta ce, "Iya, yaushe kika taɓa ganina da goro?" Ko da tana ci, jan goro ba ya zaɓar haƙori ɗaya ya bar 'yan'uwansa.

Wani maƙwabci da ke fatauci ta hanyar Shendam ya ce ruwa ne, domin ya ga irinsa a Langtang. Maganarsa tana da tushe. An san Langtang da dabbare-dabbaren haƙori saboda yawan sinadarin fulorayid a ruwan sha, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 1.5 a lita. Sai dai wannan tabo yana shiga ne tun haƙori na tsirowa a cikin dasashi, kuma yana kama dama da hagu tare. Nata ɗaya ne tak, kuma a Jos ta tashi, wajen mahaifiyarta, Allah ya jiƙanta.

Na ce ko ruɓewa ce. Na ba ta ruwan sanyi ta kurkure, ba ta ji tsami ba. Babu rami, babu wari. Haƙorin da jijiyarsa ta mutu kuwa gaba ɗayansa yake dusashewa daga ciki, ba ya zana layi. Da na bi wurin da farce, sai na ji ɗan tudu, kamar inda abu biyu suka haɗu.

Ashe ta riga ta sayi maganin hasken haƙori a Lafiya, ta yi ta shafawa a ɓoye. Shi ya ƙara tona asirin: duk haƙoran sun ɗan yi haske, ban da kusurwar nan, wadda yanzu ta fito rawaya sosai. Me zai sa rabin haƙori ya karɓi magani, rabi ya ƙi?

Amsar ta fara fitowa daga akwatin marigayiya, lokacin da muke neman hotunan da za a haɗa na biki. Ga yarinyar a kayan firamare, tana dariya, kusurwar haƙorin nan a karye. Babban haƙori ne, ba na nono ba, kuma babban haƙori in ya guntule ba ya tohowa. To wa ya mayar da shi?

Na kira kawunta a Jos. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ai ni na kai ta asibiti, ta faɗi a bakin famfo. Likita ya liƙa mata wani farin abu, ko awa ɗaya ba mu yi ba." Ita kuwa ta ce, "Goggo, na tuna wata fitila shuɗiya, na ɗauka wanke min baki aka yi." Ba abin mamaki ba ne, domin irin wannan aikin sau da yawa ba ya buƙatar allura.

Likitan haƙori a Lafiya ya tabbatar, ya kuma nuna mana yadda ake yi. Ana shafa wa fuskar haƙori asid na fosforik mai ƙarfin kashi 37 cikin 100 na 'yan daƙiƙoƙi, ya bar ƙananan ramuka da ido ba ya gani, kamar yadda magini ke sassaƙa bango kafin ya yi yaɓe. Sai a wanke, a sa ruwan gam, a ɗora wani ƙullu mai launin haƙori da ake kira kwamfozit, a siffanta shi, a haska masa shuɗiyar fitila ya daskare nan take. Wani likita a Amurka, Michael Buonocore, shi ya wallafa dabarar asid ɗin a 1955, Rafael Bowen kuma ya samar da sinadarin ƙullun a farkon shekarun 1960.

Da shekaru suka ja, bakin liƙin ya ɗan saki, shayin safe da na dare ya riƙa zama a tsagar. Layin ke nan. Maganin haske kuwa haƙorin halitta yake yi wa aiki, ba ya taɓa kwamfozit. Gawayin ma ɓarna ya ƙara, don ya kankare santsin wurin. A ganina likitan farko ya yi aiki mai kyau, tunda liƙi irin wannan yakan nemi gyara kafin shekara goma, nata kuwa ya haura haka. An cire tsohon, aka zaɓi launin da ya dace, aka sake sabo a zama ɗaya. Aka gargaɗe ta da gatsar rake da ƙashi da buɗe kwalba da wannan haƙorin.

Iyaye, idan yaro ya faɗi haƙori ya guntule, ku nemi guntun ku saka shi a madara, ku kai shi wajen likita a ranar, domin sau da yawa ana iya mayar da shi da wannan liƙin. In an yi masa aiki kuma, ku faɗa masa abin da aka yi, ku adana katin asibitin.